Muhawara: Lambobin jeri da kwanan wata a Faransanci ga waɗanda suka yi karatu da Turanci

Dalibar_Gwale:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina shirin zana jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci, kuma kamar yawancinmu da muka tashi a Najeriya, da Turanci na yi karatun boko tun daga firamare. A littafin da muke amfani da shi an rubuta ranar samun 'yancin kan Najeriya «le 1er octobre 1960», ana karanta ta «le premier octobre», amma da aka zo kan ta Nijar sai aka rubuta «le 3 août 1960», malaminmu kuma ya karanta «le trois août». A Turanci duka biyun lambar jeri ake sa musu, wato 1st da 3rd, don haka a ganina kamata ya yi ta biyun ta zama «le troisième août» idan har ana son ƙa'ida ta tafi bai ɗaya. Shin kuskuren ɗab'i ne, ko kuwa akwai wata doka a ƙarƙashin abin? Ina kuma roƙon a yi mini bayanin yadda ake gina lambobin jerin su kansu.

Mushe_Maradi:
Wa alaikumus salam. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, 'yata, littafinki daidai yake. A kwanan wata na Faransanci rana ɗaya tak ce ke ɗaukar lambar jeri, ita ce ranar farko ta wata: le premier janvier, le premier mai, le premier octobre. Daga biyu ga wata har zuwa talatin da ɗaya lambar ƙirga ce zalla: le deux, le trois, le dix-huit, le trente et un. Shi ya sa a Nijar muke cewa le trois août ga ranar 'yancin kai ta 1960, da le dix-huit décembre ga ranar jamhuriya ta 1958, alhali Kamaru ta samu nata 'yancin le premier janvier 1960, Benin kuma le premier août na wannan shekarar. Ki lura, ko ranar ashirin da ɗaya ga wata ba ta komawa ga premier, le vingt et un ake cewa.

Shawarar da nake ba ɗaliban da suke zuwa mana daga Katsina da Sakkwato ita ce su ajiye Turanci gefe idan an zo kan kwanan wata, su ɗauko Hausarsu. Bahaushe ba ya cewa «ta uku ga watan Agusta», cewa yake yi «uku ga watan Agusta», kuma haka Bafaranshe yake yi. Wuri ɗaya kawai muka raba hanya: mu muna cewa «ɗaya ga wata», su kuwa ba sa cewa «le un», sai «le premier».

Baban_Husna:
Allah ya saka wa Mushe da alheri. Ashe abin da muke ta wahalar nema ta hanyar Turanci yana nan a bakinmu tun muna yara.

Malama_Samaru:
Bari in ɗauki kashi na biyu na tambayar, tunda Mushe ya gama da na farko. Ana gina lambar jeri ne ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeyar -ième a ƙarshen lambar ƙirga: deux ta koma deuxième, trois ta koma troisième, vingt ta koma vingtième, cent ta koma centième. Idan lambar ta ƙare da wasalin e, sai a jefar da shi kafin a liƙa, shi ya sa quatre take zama quatrième, onze take zama onzième, trente take zama trentième. Lambobi biyu ne ke canza kama: cinq tana ƙara u ta zama cinquième, neuf kuma baƙin f nata yana rikiɗa ya koma v ta zama neuvième, kuma wannan canji yana bin ta har cikin dix-neuvième da vingt-neuvième.

Lamba ɗaya ce ta fita daban gaba ɗaya, domin ba a cewa «unième» ita kaɗai, sai premier ga namiji, première ga mace. Amma da zarar ɗayan ya zo a ƙarshen babbar lamba, sai unième ta bayyana: vingt et unième, trente et unième, cent unième. A nan ɗaliban da suka saba da 21st suke faɗawa rami, su rubuta «vingt-premier», wanda babu shi a harshen. Ƙarnin da muke ciki sunansa le vingt et unième siècle.

A wajen furuci kuma, baƙin x na deuxième da sixième da dixième sautin z yake bayarwa, kamar a ce «dizyem», ba sautin s ba.

Sani_Garwa:
Ina gaida Malama. Tunda ta ambaci onze, ya kamata ƙanwarmu ta san cewa wannan lamba da huit ba sa yarda a haɗiye wasalin kalmar da ke gabansu. A ƙa'ida le da la suna komawa l' gaban wasali, kamar l'ami da l'école, amma ba a cewa «l'onze» ko «l'huit» a kwanan wata. Mu a Kamaru bikin matasa le onze février ake yin sa, maƙwabtanmu na Cadi sun samu 'yancin kai le onze août 1960, kuma ranar mata ta duniya le huit mars ce. Haka abin yake a lambobin jerinsu: le onzième, la huitième. Mai sauraro yana gane baƙon harshe nan take daga wannan ɗan ƙaramin wuri.

Dan_Fatake_Konni:
Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, saboda haka abin da na sani na takarda ne da na kwali. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne, tsarin rubuta kwanan wata da alƙaluma iri ɗaya ne a ƙasashen biyu: rana, wata, shekara. Idan ka ɗauki gwangwanin madara ka ga an buga «à consommer de préférence avant le 05/11/2026», to biyar ga watan Nuwamba ake nufi, kamar dai yadda ɗan Najeriya zai karanta. Wanda zai ruɗe shi ne wanda ya saba da tsarin Amurka, inda wata ke fara zuwa, domin shi zai karanta sha ɗaya ga watan Mayu, kuma yaranmu da yawa sun fara ɗaukar wannan tsari daga wayoyinsu ba tare da sun ankara ba. A fom ɗin Faransanci za ka tarar da JJ/MM/AAAA, wato jour, mois, année.

Watanni biyu ne ke jawo gardama a rasit, juin da juillet, musamman idan mai rubutu ya gajarta da hannu. Juin ba a gajarta shi, juillet ne ake rubutawa «juil.», don haka idan ka ga l a ƙarshe, Yuli ne. Sannan idan abokin ciniki ya ce maka «dans huit jours», kada ka ƙirga kwana takwas, mako guda yake nufi, haka «quinze jours» mako biyu ne.

Baban_Husna:
Alhaji, a nan kam ban gamsu ba. Huit takwas ce, mako kuwa kwana bakwai ne a ko'ina a duniya. Anya ba al'adar 'yan kasuwar kan iyaka ba ce kawai, wadda ba ta cikin Faransancin littafi?

Hajiya_Damagaram:
Maganar Alhaji daidai ce, Baban Husna, kuma Faransancin littafi ne, har a Faransa haka ake faɗa. Dalili shi ne ana haɗawa da ranar da ake magana a cikin ƙirgen. Ka duba yadda muke yin suna: jaririn da aka haifa ran Alhamis, ran Alhamis mai zuwa ake raɗa masa suna, idan ka ƙirga har da ranar haihuwar za ka samu takwas, idan ka cire ta ka samu bakwai, amma ranar dai ita ce. «Dans huit jours» shi ne abin da muke kira rana ita yau. Sai dai idan magana ta shafi kuɗi ko wa'adin kotu, ni a koyaushe ina neman a rubuta mini ainihin kwanan watan, domin kada a bar ƙofar jayayya.

Uwar_Yara_Jibiya:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata, amma duk cikin lambobin jeri ne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Maradi ya gama firamare, aka ce mana ya shiga sixième, bayan shekara guda kuma aka ce ya ci jarrabawa ya wuce cinquième. Kakarsa ta tayar da hankalinta, ta ce yaya za a ce yaro ya ci, sannan a mayar da shi daga aji shida zuwa aji biyar? Ina so Mushe ya fayyace mana wannan lissafi, domin mu aji ɗaya muka sani a ƙasa, aji shida a sama.

Mushe_Maradi:
Ki kwantar wa Inna da hankali, Hajiya, jikanta gaba ya yi. A tsarin da muka gada daga Faransa, azuzuwan sakandare ƙirgensu daga sama yake gangarowa, kamar ana lissafa matakan da suka rage kafin ajin ƙarshe. Bayan CM2, wanda shi ne ƙarshen firamare, yaro yana shiga sixième, sai cinquième, sai quatrième, sai troisième, inda yake zana BEPC. Daga nan ya shiga lycée, wato babbar sakandare, ya yi seconde, ya yi première, ya ƙare da terminale, inda ake zana baccalauréat. Jimla shekara bakwai ke nan, huɗu da uku, alhali a Najeriya uku da uku ne, saboda haka ba za a iya jera azuzuwan biyu su yi daidai kai da kai ba. Abin da za a iya cewa kawai shi ne sixième ita ce takwarar JSS 1 ta fuskar shiga. Sunayen duka na mace ne domin kalmar classe ce aka ɓoye: la sixième, la première.

Dalibar_Gwale:
Na gode ƙwarai, Baba Mushe. Amma ga wata sabuwa ta fito daga bayaninka: me ya sa aka ce seconde ba deuxième ba? Malama ta koya mana deuxième a sama, yanzu kuma ga wata kalma ta biyu mai ma'anar «na biyu».

Abu_Tarjama:
Akwai ƙa'idar da ake koyarwa cewa second ana amfani da ita ne idan abubuwan biyu ne kacal, babu na uku, deuxième kuma idan jerin ya ci gaba. Da wannan ne ake cewa la seconde mi-temps a wasan ƙwallo, tunda babu zagaye na uku, kuma masu kyakkyawan fata suna cewa la Seconde Guerre mondiale ga yaƙin 1939 zuwa 1945. Ni a aikina na fassara ina bin wannan bambanci saboda yana ƙara wa rubutu tsafta. A kula, baƙin c na second sautin g yake da shi, «sagon» ake ji, ba «sakon» ba.

Malama_Samaru:
Malam Abu, ina girmama ra'ayinka, amma kada mu ɗora wa ɗaliba nauyin da masu harshen ba su ɗora wa kansu ba. Ita kanta Académie française, hukumar da ke kula da harshen a Faransa, ta bayyana cewa wannan bambanci ba wajibi ba ne, kuma ajin seconde da ake magana a kansa ya isa hujja, domin yana tsakiyar jeri ne mai troisième da quatrième. Ana rubuta la Deuxième Guerre mondiale a littattafai masu daraja ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Abin da yake tabbas shi ne second ba ta shiga babbar lamba, vingt-deuxième ake cewa, kuma ba ta shiga kwanan wata ko kaɗan, biyu ga watan Maris le deux mars ne. Wanda bai da tabbas ya riƙe deuxième, ba zai yi kuskure ba sai a sunan ajin nan da 'yan wasu kafaffun maganganu.

Mai_Jan_Biro:
Ni aikina gyaran rubutu ne kafin a kai maɗaba'a, don haka bari in faɗi abin da nake yawan ja wa layi. Gajartawar da aka amince da ita ita ce 1er ga premier, 1re ga première, sannan 2e, 3e, 20e ga sauran, da ƙaramin e a ɗan sama. A jam'i ana ƙara s: 1ers, 1res, 2es. Rubuta 1ère da 2ème da 3ième duk ba sa cikin ƙa'idar ɗab'i. A kwanan wata kuwa 1er ce kaɗai ke ɗaukar wutsiya, ba a rubuta «le 3e août». Na biyu, sunayen watanni da na ranaku da ƙaramin baƙi suke farawa, janvier, lundi, saɓanin Turanci, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a rubutun 'yan Najeriya da ke zuwa teburina. Ana ɗaga baƙin ne idan kwanan watan ya zama sunan biki ko na wuri, kamar le 14 Juillet na Faransa, ko filin wasa na 26 Mars a Bamako, ko na 4 Août a Wagadugu, ko Palais du 29 Juillet a Yamai. Na uku, babu waƙafi tsakanin wata da shekara, le 29 mai 1999 ake rubutawa a miƙe.

Dan_Fatake_Konni:
Malam mai jan biro, ka zagaya Yamai ko Kwatano ka karanta allunan shaguna da na makarantu, za ka ga 2ème étage da 1ère année sun fi ƙarfin a ƙirga, har a takardun da ke ɗauke da hatimi. Idan kowa yana rubuta abu kuma kowa yana ganewa, da wane dalili za a kira shi kuskure?

Mai_Jan_Biro:
Ban musa ba, Alhaji, har a Faransa alluna cike suke da shi, kuma babu wanda zai mayar maka da rasit saboda ka rubuta 2ème. Amma wadda ta yi tambayar nan jarrabawa za ta zana, kuma wata rana za ta iya rubuta wasiƙar neman aiki, to gara ta saba da wanda babu mai iya ja masa layi.

Dan_Masani_Katsina:
Ina so in ɗan taka wa shawarar Mushe birki, ba don ba ta da kyau ba, sai don kada a ɗauka cewa Hausa da Faransanci suna tafiya tare a ko'ina. A sunayen sarakuna Hausa tana bayan Turanci ne. Mu muna cewa Sarauniya Elizabeth ta biyu, Sarki Charles na uku, Muhammadu Sanusi na biyu, amma Bafaranshe cewa yake yi Élisabeth deux, Charles trois, Sanusi deux. Sarkin Maroko Mohammed six ne, mahaifinsa Hassan deux, sarkin Faransa da ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715 Louis quatorze ne, haka ma Paparoman da aka zaɓa a 2025, Léon quatorze. Na farko ne kaɗai ke tsira, kamar dai a kwanan wata: François premier, Napoléon premier, ana rubuta su Ier da lambar Romawa. Akwai Charles Quint wanda ya riƙe tsohuwar kalmar «na biyar», amma wannan tarihi ne ya daskarar da shi.

Haka idan lamba ta biyo bayan suna, ta ƙirga ce: page trois, chapitre deux, chambre douze, kuma mutanen Yamai commune cinq suke cewa. Idan ta gabaci sunan kuwa, ta jeri ce: le troisième chapitre, la Cinquième République da aka kafa a Faransa a 1958, la Septième République da Nijar ta shiga da kundin tsarin mulkin 2010, le dix-huitième arrondissement cikin gundumomi 20 na birnin Paris. Ƙarnuka ma haka, da lambobin Romawa: jihadin Shehu Usmanu na 1804 ya faru ne au XIXe siècle.

Mushe_Maradi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan sarakuna, amma ni a kan kwanan wata na tsaya, kuma a can maganata tana nan daram.

Abu_Tarjama:
Ko a can ma akwai inda Hausa za ta iya jan ƙafar ɗalibi, Mushe. Muna cewa «uku ga watan Agusta», wannan «ga watan» kuma yana sa wasu su nemi abin da za su cike gurbinsa da shi, su ce «le trois d'août» ko «le trois de mars», kamar yadda mai Turanci yake neman inda zai sa of. Faransancin yau ba ya sa komai a tsakani, lamba ce sai wata. Haka kuma on ɗin Turanci ba shi da takwara, ba a cewa «sur le trois août». «An haife ni ranar uku ga Agusta» shi ne je suis né le trois août, le ɗin nan kaɗai ya wadatar. Idan wata ne shi kaɗai sai a ce en août ko au mois d'août, idan shekara ce en 1960, idan tsakanin ranaku biyu ne du 1er au 15 mars.

Akwai kuma jerin kalmomi da ke bambanta. Turanci yana fara kawo first sannan two, Faransanci kuwa les deux premiers jours yake cewa, lambar ƙirga ce a gaba. A nan Hausa ta fi kusa, tunda mu ma «kwana biyun farko» muke cewa.

Zainabu_Injamena:
Har yanzu ba a taɓa karanta shekara ba, alhali a jarrabawar baka nan ne harshe ke sarƙewa. Mai Turanci ya saba raba shekara gida biyu, sha tara da sittin, amma a Faransanci 1960 mille neuf cent soixante ce cikakkiya. An yarda a ce dix-neuf cent soixante, amma ba a yarda a jefar da cent ba. Shekarun da muke ciki hanya ɗaya gare su, 2024 deux mille vingt-quatre ce, ba «vingt vingt-quatre» ba. Wahalar tana tsakanin 70 da 99, inda sai an yi lissafi: 1974, shekarar da Seyni Kountché ya hau mulki a Nijar, mille neuf cent soixante-quatorze ce, wato sittin da sha huɗu, 1999 kuwa, da Najeriya ta koma mulkin farar hula, mille neuf cent quatre-vingt-dix-neuf, wato ashirin sau huɗu da sha tara. Ina ba ƙanwata shawara ta haddace shekarar haihuwarta da ta iyayenta har su zauna mata a baka, domin mai jarrabawa yakan fara ne da tambayar sunanki da ranar haihuwarki. A tsofaffin takardun haihuwa za a ga an rubuta «mil neuf cent» da l ɗaya, wannan ma daidai ne, tsohon salon rubuta shekara ne.

Bako_Kinshasa:
Mu a Kwango mun huta da wannan lissafi, domin Faransancin Beljiyam muka gada: 70 septante ce, 90 nonante, don haka 1974 mille neuf cent septante-quatre muke cewa, kuma lambobin jerinsu septantième da nonantième ne. Tamanin ce kawai muka bari a quatre-vingts. A Suwizalan ma haka suke yi, wasu yankunansu har huitante suke cewa. Amma ba na ba mai shirin zuwa Yamai ko Injamena shawara ta ɗauki namu, za a gane ta, sai dai za a tambaye ta inda ta yi karatu.

Alaramma_Agadas:
Tunda akasarinmu muna amfani da kalanda biyu, yana da kyau a san cewa ƙa'idar ba ta canzawa a watannin Musulunci. Jaridun Faransanci suna rubuta le 1er Muharram, le 12 Rabi' al-awwal, le 10 Dhoul Hijja, na farkon da premier, sauran da lambar ƙirga. Sai dai idan aka fito da kalmar rana ko dare a fili, lambar jeri tana dawowa, domin yanzu ranar ake siffantawa: la vingt-septième nuit du Ramadan, daren ashirin da bakwai ga azumi, ko le dixième jour du mois. Wannan yana nuna wa 'yarmu cewa troisième ɗin da take nema bai ɓace ba, za ta iya cewa le troisième jour du mois d'août, kuma Faransanci ne mai kyau, sai dai ba haka ake rubuta kwanan wata ba.

Dalibar_Gwale:
Allah ya ƙara ilimi, malamai. Saura abu ɗaya a kan takarda: idan zan sa sunan ranar mako, ina le zai zauna, kafin ranar ko bayanta? Kuma har yanzu ina jiran wanda zai gaya mini dalilin da ya sa premier kaɗai ta tsira, domin an ba ni ƙa'ida, ba a ba ni sababi ba.

Mai_Jan_Biro:
Le yana zuwa ne a farkon komai: le mercredi 3 août 1960, le samedi 1er octobre 1960. Ba a rubuta «mercredi le 3 août», ko da yake ana ji a baka. A saman allo ko littafin aji ana iya barin le ɗin gaba ɗaya, a rubuta mercredi 3 août. A kan wasiƙa kuwa sunan gari ne ke fara zuwa, sai waƙafi: Kano, le 3 mars 2025. A ƙasan takardun hukuma za ki ga «Fait à Niamey, le…». Ki kuma kiyaye cewa lundi ita kaɗai tana nufin Litinin ɗin nan da ke tafe ko wadda ta wuce, le lundi kuwa ba tare da lamba ba tana nufin kowace Litinin.

Hajiya_Damagaram:
Tunda an zo kan takardun hukuma, waɗanda ke da iyaye ko kakanni a Nijar za su riƙa ganin «né vers 1950» a katin shaidarsu. Wannan vers ɗin yana nufin «wajen», wato ba a san ranar ba, an ƙiyasta shekarar ce kawai. Né le yana ɗaukar cikakken kwanan wata, né en yana ɗaukar shekara ko wata, kuma idan mace ce ana ƙara e, née. Kada mai cike fom ya mayar da vers ya zama le, domin sai an nemi rana da wata daga gare shi.

Dan_Masani_Katsina:
Game da sababi, abin da tarihin harshen ya nuna shi ne a da Faransawa ma lambar jeri suke amfani da ita, a kwanan wata da sunayen sarakuna duka, ana samun irin su «le troisième de janvier» da «Henri quatrième» a tsofaffin rubuce-rubuce. A hankali, musamman daga ƙarni na 17, lambar ƙirga ta mamaye wurin, wataƙila saboda ta fi gajarta kuma ita ce ido ke gani idan an rubuta da alƙaluma. Ke nan hankalin 'yarmu bai kauce ba, Faransancin da ya shuɗe ta yi. Kuma ba Faransanci kaɗai ya tsaya a wannan matsaya ba, Italiyanci ma il primo maggio yake cewa sannan il due maggio, alhali Jamusanci ya riƙe lambar jeri a kowace rana kamar Turanci.

Malama_Samaru:
Wannan ya bayyana yadda sauran suka tafi, Malam, amma bai bayyana abin da ya hana premier bin su ba. Ni a fahimtata, un tana aiki biyu ne a Faransanci, lamba ce kuma ita ce ke gabatar da suna kamar a un livre, don haka «le un mai» zai yi nauyi a kunne. Wannan ra'ayina ne, ban ɗora shi a kan kowa ba.

Bako_Kinshasa:
Idan haka ne, Malama, me ya sa le vingt et un mai da le trente et un mai ba su yi nauyi ba, ga kuma direbobin bas da ke cewa «le un» ga lambar layi ba tare da wata damuwa ba?

Sani_Garwa:
Kafin Malama ta amsa, a taimaka wa ɗalibarmu mai shirin jarrabawa da furucin misalan da ta kawo. A premier octobre da premier août da premier avril, baƙin r na ƙarshen premier yana farkawa ya haɗe da wasalin watan, a ji «pramye-roktobr», alhali a premier mai shiru yake yi. Shi kuma août, a ɗin farkonsa ba a furta shi a daidaitaccen lafazi, wasu suna cewa «u», wasu «ut», dukansu karɓaɓɓu ne, ko da yake a nan Garwa za ka ji masu fito da a ɗin, su ce «a-ut». Tun gyaran rubutu na 1990 an halatta rubuta shi aout ba tare da hular kan u ba, don haka idan kin ga haka a sabon littafi, shi ma ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Zainabu_Injamena:
A Injamena ma «a-ut» ɗin nan ya fi yawa a bakin mutane, Malam Sani, kuma ban taɓa ganin an kayar da ɗalibi saboda shi ba. Abin da ni nake so a tattauna shi ne six da dix gaban sunan wata, domin malamina na farko «le sis mars» yake cewa, masu karanta labarai a rediyo kuwa ina jin wasunsu suna cewa «le si mars». Mushe, wanne kuke koya wa 'yan sixième a Maradi?